Rasuwar Goggo, Wayar da Ke Yi wa Tantabara Magana

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ba wurin ajiye wani, uwar Tantabara, a madadin mijinta da surukarta da ita kanta yarinyar, tana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar wayar gidansu, wadda kowa ya sani da Goggo. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin mai gyara, bayanta a buɗe, allonta yana kallon rufin shago. Ta rasu tana da shekara bakwai, wato ta girmi Tantabara da shekara biyu, kuma daga nan ta samo sunanta.

Ga wanda bai san gidan ba, dole a yi bayani, kada ya ce mace ta rasa aikin yi ta zauna makokin roba da gilashi. Tantabara shekararta biyar, kuma ba ta magana. Tana ji sarai, ko cokali ya faɗi a kicin sai ta waiga, amma kalma ba ta taɓa fita daga bakinta ba, sai ɗan kukan nan mai laushi daga maƙogwaro wanda ya sa babanta ya laƙaba mata sunan. An je asibiti, an koma, an ce a yi haƙuri a yi ta koya mata. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta ce a gwada hotuna. Uwar ta dawo gida ta ɗauki wayarta, ta bi ɗaki tana ɗaukar ɗan gajeren bidiyo na kowane abu tana faɗin sunansa: kofin yarinyar mai hannu ɗaya, fo, matashi, ƙofa, biskit. In an dangwala hoton, sai muryar ta fito.

Wata huɗu yarinyar tana dangwale-dangwale ba kai ba gindi. Rannan uwar tana guga, sai ta ji muryar kanta a bayanta: "Ruwa." Ba ta kula ba. "Ruwa. Ruwa." Da ta waiga, Tantabara ba allon take kallo ba, ita take kallo. Rabin ruwan a ƙasa ya zube kafin kofin ya isa bakin yarinyar. Daga ranar wayar ta tashi daga ta uwa, ta zama bakin 'ya. Kafin rasuwarta ta riƙe kalmomi arba'in da uku.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta faɗo daga gado, ta faɗo daga goyo, an zauna a kanta, an ja ta a siminti, ba ta taɓa kai ƙara ba. Ba ta da kunya a kan gaskiya: sau da yawa ta ce "Fo" da ƙarfi a tsakiyar baƙi. Baban yarinyar, wanda tuƙin babbar mota ke raba shi da gida kwana da kwanaki, yakan ce ya ƙirga, an dangwala biskit fiye da hotonsa sau goma, kuma ya yafe.

Ta sha jinya a rayuwarta, kuma yawanci a gida aka yi mata magani, don uwar Tantabara ba mai zama ta naɗe hannu ba ce. Lokacin da ta daina karɓar caji sai an karkata igiyar an danne da littafi, uwar ta haska wajen sa cajar da tocila, ta ga zare da ƙura sun dunƙule a ciki, ta kashe wayar ta sa tsinken sakace ta zaƙulo su a hankali. Lokacin da muryarta ta dushe, busasshen burushin haƙori ne ya share ramukan sifikar. Lokacin da madannin kunnawa ya maƙale saboda ruwan lemo da ya bushe a gefensa, ɗigon sifirit a auduga ya sake shi. Kowane karo Goggo ta tashi, kuma kowane karo uwar ta ƙara yarda da hannunta. Yau tana ganin wannan yardar ce ta kai su inda suke.

Domin Tantabara tana da wata ɗabi'a: in tana tunani, sai ta sa kusurwar wayar a baki ta yi ta tsotsa. Uwar ta ga miyau yana gangarawa, ta ji tsoro. Ta samo leda mai kauri ta naɗe Goggo, ta bi da salatif zagaye bayan zagaye, ta bar allon da 'yar ƙofa ɗaya ta caji. Surukarta ta juya wayar a hannu ta ce ko ruwan sama aka tsaya a ciki ba abin da zai same ta, ta sa wa matar ɗanta albarka. Sannan, da yake yarinyar ba ta yarda ta ga Goggo ɗaure da bango, sai ta fizge, uwar ta koma sa ta caji a cikin durowa, ƙarƙashin barguna, inda ido ba ya kaiwa. Wata shida ana haka.

Ciwon ajali ya fara da zazzaɓi. Goggo takan yi zafi ko ba a taɓa ta ba. Sai ta fara suma, caji na nuna saura kusan rabi amma ta ɗauke. Daga baya uwar ta lura in an ajiye ta a tebur ba ta kwanciya daidai, sai ta yi ta juyi kamar an sa mata tsakuwa a ƙasa. Gefen allon ya ɗago, har farce yana shiga. Uwar ta danne shi da babban yatsa, ta ɗaure da roba, ta ce in an samu sarari za a kai ta gyara. Kullum sararin ba ya samuwa, don raba Tantabara da Goggo na rabin yini ba ƙaramin aiki ba ne. Ranar Talata da safe ta sunkuya za ta sa wa yarinyar riga, sai ta ji wani wari mai ɗan zaƙi-zaƙi, kamar na maganin goge farce. Tantabara tana kwance, kumatunta a kan wayar. Uwar ta zare ta da ƙarfi. Ihun da ya biyo baya, maƙwabta ba sa bukatar a ba su labari. Ta bar yarinyar a hannun kakarta ta fita.

Shagon mai gyara bai fi faɗin katifa biyu ba. Tebur ɗaya, fitila mai lanƙwasa wuya, madubin ƙara girma, da gwangwani cike da sukurori kamar ƙwayar yashi. Dattijon ya ɗaga Goggo da yatsu biyu ya tambaya wa ya yi mata likkafani tun tana da rai. Ya sa reza ya tsaga salatif ɗin yana dariya. Da ledar ta buɗe, cikinta a jiƙe, dariyar ta tsaya. Ya ɓamɓare bayan da wata 'yar roba, ba ƙarfe ba. Batirin ya kumbura kamar ƙaramin matashi. Bai danna shi ba, ya lallaɓa ya cire shi, ya sa a bokitin yashi da ke ƙarƙashin tebur, ya ture da ƙafa zuwa bakin ƙofa.

"'Yata, wa yake riƙe wannan wayar?"

Ta faɗa masa. Ta faɗa masa har inda kumatun yake ɗazu.

"To ki gode wa Allah a kan hancinki," in ji shi.

Ya nuna mata ta cikin madubin. Miyau ya shiga ta ƙofar cajin da ta bari, ya rasa hanyar fita, ya zauna ya ci fanel ɗin, wato allon da ke cikin wayar, har ya yi kore-kore. Zafi ma bai samu mafita ba, ga leda, ga barguna, shi ya dafa batirin. Ya wanke da sifirit da burushi, ya busar, ya gwada da mitarsa, ya girgiza kai: ko sabon batir aka sa, wurin da ya lalace zai shanye wutar ya ƙone. Abin da zai iya, ya ba ta wuta daga injinsa da igiyoyi biyu, ja da baƙa. Watakila ta farka na 'yan mintuna, watakila sau ɗaya kawai. Babu katin memori, komai a cikinta yake. Ya ce ta zaɓa tun kafin ya jona.

A cikin Goggo akwai hotunan ranar da aka haifi Tantabara, da na mahaifin uwar wanda ya rasu bara, waɗanda babu su a wani wuri dabam. Ta ce a fara da kalmomin.

Allon ya yi haske. Kalmomin suka fara wucewa zuwa kwamfutarsa ɗaya bayan ɗaya, bisa jerin da aka ɗauke su, tsofaffi a gaba. Dattijon yana taɓa fanel ɗin da bayan yatsa yana janyewa. A ta ashirin da bakwai, gefen hannunsa ya gogi allon, Goggo ta ce, a dushe, "Takalmi." Sai ɗan siririn hayaƙi ya tashi. Wannan ce kalmarta ta ƙarshe.

Goma sha shida ba su fito ba, kuma su ne na baya-bayan nan, waɗanda suka fi wuyar koyo: kunne, ciki, haƙori, kai, zafi, bari. Masu cewa ai sai a sake ɗauka, Allah Ya saka musu da alheri, an sake. An zuba komai a wayar babanta. Tantabara ta gane tsofaffin nan take, sababbin kuwa ta kalle su kamar baƙi, don ita hoton ta haddace, da inda yake, da yadda muryar ta faɗa. Tun a kan Goggo ma, wata takwas aka yi kafin ta iya nuna kunne.

Marigayiya ta bar caja ɗaya da igiyarta, da rabin naɗin salatif wanda uwar ba ta iya kallo, da kalmomi ashirin da bakwai. Ta bar yarinya guda wadda tun daren Laraba ba ta cin abinci sosai, jikinta da ɗumi, tana kuka tana bin allon wayar babanta da yatsa zuwa can ƙasa, inda babu abin da take nema. Ko kewa ce, ko wani wuri ne yake mata ciwo, ba wanda ya sani. Da Goggo na nan, da an sani cikin daƙiƙa biyu.

Game da jana'iza: batirin yana wurin mai gyara a cikin yashi, shi zai kai shi inda ake karɓar irinsa, kuma iyalan suna roƙon duk mai kumburarren batir a gida kada ya danne shi, kada ya huda, kada ya jefa a shara mai wuta. Gangar jikin an goge ta an naɗe a hankici, za a ajiye a saman durowa, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Ba za a yi zaman makoki a gida ba. Gobe da safe uwar za ta kasance a bencin asibitin yara, inda likita zai fara daga kunne ya yi ƙasa, wuri bayan wuri, har a dace. A can za a karɓi gaisuwa. Ana roƙon masu zuwa su bar wayoyinsu a cikin jaka, domin duk wadda Tantabara ta gani, ƙwacewa take yi ta dangwala, sannan ta ɗago kai tana jira.