Ƙarar Kwana a Kan Kwana

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwa masu cike da baƙin mai, mai walda na ƙarshen layi yana sanar da 'yan uwa, abokan arziki, har da masu dariya, rasuwar difaranshal ɗin motarsa. Ga wanda bai san marigayi ba, shi ne dunƙulen ƙarfen nan mai haƙora da ke zaune tsakanin tayoyin baya yana raba musu ƙarfin inji. Ya cika da hantsi, a kwanar shiga layi, bayan gajeriyar jinya.

Marigayi ya yi rayuwarsa a 'yar motar nan mai kujera biyu, wadda injinta ke bayan ƙeyar direba, gabanta kuwa ba komai sai iska da safaya. Ƙato ɗaya na iya ɗaga hancinta. Shekara da shekaru marigayi bai taɓa ɗaga murya ba, in ban da ɗan "wuuu" da yake yi in an saki totur, kamar dattijo mai gyangyaɗi. Bai taɓa ɗiga mai a ƙofar gidan mutane ba. Hali guda ne ya ɓata shi, tausayin rago. Duk tayar da ta hau santsi ita yake ɗura wa ƙarfi, ta yi ta wulwulawa a banza, 'yar uwarta mai riƙe da ƙasa na tsaye tana kallo. Da haka motar ta sha kafewa a bakin gida in an yi ruwa, uwar yara na turi a baya, mai walda na ciki yana ba da umarni.

Ranar da taya ta wanke ta da taɓo har wuya, uwar yara ta yanke hukunci: ko motar ta riƙa fita da shiga da ƙafarta, ko mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo da ma'auninsa, ita ma ta samu wurin shanya.

Nan aka shiga nema wa marigayi magaji, irin wanda ke hana taya ɗaya cinye rabon ɗaya. Yayan uwar yara, bakanike ne, shi ya zauna ya zayyana halin manema. Akwai mai faifai irin na kuloci, riƙonsa kamar kaska, yana ƙas-ƙas a kwana. Akwai mai aiki da kaurin mai, wanda sai taya ta gama zamewa yake tuna an ɗauke shi aiki. Shi dai ya ce a ɗauki mai haƙora zalla, mai sanyin hali, domin motar da nauyinta ke baya, in riƙon bayan ya yi tsanani, gaban ba shi da ƙarfin gardama, sai ta daina jin maganar sitiyari.

Mai walda ya saurara har ƙarshe, abin da bai saba ba. Sannan ya yi nasa tunanin. In dai riƙo ake nema, shi da ya haɗa ƙofofin rabin unguwa, wa zai koya masa riƙo? Ya sauke marigayi, ya wanke shi tas da fetur, ya liƙe haƙoransa da wuta, ya mayar da shi mazauninsa, tayoyin biyu suka zama uwa ɗaya uba ɗaya. A ranar ne jinya ta fara, ko da yake maigidan marigayi na musanta cewa akwai alaƙa.

A miƙaƙƙiyar hanya motar ta tafi kamar an harba ta. Da aka dawo kwanar layi, mai walda ya murza sitiyari hagu, tayoyin gaba suka juya hagu cikin ladabi, motar kuwa ta miƙe abinta. An ji marigayi ya ce "ƙarrr", ya ƙara cewa "ƙarrr", sannan "ɗas", wanda shi ne kalaminsa na ƙarshe. Motar ta tsaya da hanci a cikin rumfar tela, rigunan mutane sun rufe gilashi.

Tela ya leƙo da tef a wuya, ya ce, "Maƙwabci, awo ka zo, ko ita za a ɗinka wa?"

Yayan uwar yara ya duba gawa ya ce kisa ne ƙarara. Mai walda ya kafe a kan cewa kwana ne ya ƙare.

"Kwana tana nan inda take, Baban yara," in ji uwar yara. "Kai ne ba ka sha ta ba."

Marigayi ya bar tayoyi biyu, ɗaya ta yi sanƙo saboda facakarsa, da inji mai zaman kashe wando, da maigida mai ƙulu a goshi. Ana so jama'a su sani, waldar ba ta saki ba. Abin da ke kewaye da ita ne duk ya karye.

Mai sayen ƙarafa ya zo gaisuwa tun ba a kira shi ba, har ya dafa motar yana jinjina ta da ido. Sai da yayan ya roƙi arziki kafin uwar yara ta sassauta, bisa sharaɗi: mai sanyin halin nan za a ɗaura, yayanta ne zai ɗaura shi, wayar injin walda kuma za ta yini a ɗakinta ranar. Mai walda ya amince, ya ce dama shi ne a ransa tun farko.

Za a raka marigayi ranar da ba aiki, da safe, a cikin baro, daga shago zuwa tsakar gida. Masu ta'aziyya su zo a ƙafa, kada kuma su tsaya a wurin tela, ya riga ya ƙara wa labarin gishiri. Ana karɓar gaisuwa, ba a karɓar shawara. Ba za a binne marigayi ba. Gidan na da gangara, don haka za a kwantar da shi a bayan tayar hagu, ya tokare motar har magajinsa ya iso. Riƙe tayar da ya kasa yi da ransa, zai yi shi a mace.