Rasuwar Baba Gurnani, Janaretan Shagon Aski

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da na rasa wanda zan sauke wa, nake sanar da 'yan uwa da abokan ciniki rasuwar janaretana, wanda 'yan layi suka fi sani da Baba Gurnani. Ya cika ranar Laraba da hantsi a bayan shagona na aski, ina tsaka da yi wa wani direba gyaran fuska. Haka direban, bawan Allah, ya tafi da rabin gemu.

Marigayin mai juriya ne. Duk sanda aka ɗauke wuta, ja ɗaya ake wa igiyarsa ya amsa da "gur-gur-gur". Da guminsa na ciyar da iyali. Aibinsa dai ci, sai hayaƙin da ya baƙanta bangon maƙwabcina mai kemis, ya bar ni da tarin da ba ya jin magani.

Ciwon ajali ya kama shi ne tun da tattalin arziki ya durƙushe, fetur ya fi ƙarfin talaka. Na koma sayen na galan a bakin titi, ashe gauraye yake da kananzir. Ya fara sarƙewa, "tuf, tuf". Makanike ya sauya filogi, ya wanke kafireto, daga ƙarshe ya kaɗa kai ya tattara sifanunsa.

Ya rasu ya bar injinan aski, da fanka, da wata tsohuwar talabijin. Ya kuma bar ni da masana a rediyo, masu cewa wannan matsin dama ce ta komawa wutar sola, mu huta da layin mai, duniya ta huta da ɗumama. Gaskiya suka faɗa, shi ya fi ƙona min rai. Ba su dai faɗa cewa sai na sayar da babur ɗina kafin farantin sola ya hau rufin shago ba. Yanzu a ƙafa nake zuwa aiki. Magajin nasa ba ya shan mai, ba ya hayaƙi, ko gyaran murya ba ya yi. Amma da hadari ya haɗu sai gabana ya faɗi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar, idan mai gwangwan, mai sayen tsoffin ƙarafa, ya iso da sikelinsa. Zaman makoki a shago ne. Masu zuwa ta'aziyya su zo da gashi a kansu, kuma su zo da rana tsaka, don batirin da na iya saya ba ya kaiwa magariba.