Amshin da Na Yi Wa Baba Idi Mai Molo

Ko tsufa ya cinye min ƙwaƙwalwa, ba zan taɓa mantawa da Juma'ar walimar Faisal ba, ranar da na tashi in koya wa yaran Makka kiɗan iyayensu, sai ga shi ni aka koya wa hankali a bainar jama'a.

Bari in fara gabatar muku da mai laifin. Ina da ɗan shagon turare da carbi a Zahir, gidana kuma yana Utaibiyya. A nan Makka aka haife ni, amma a danginmu ni na naɗa kaina sarkin kare al'ada (babu wanda ya zaɓe ni, babu kuma wanda ya isa ya sauke ni). Duk zaman da za a yi sai na jawo maganar kiɗan molo. "Yaran yanzu ba ku da kunne," haka nake ce musu. "Ku dai a buga muku dum-dum na minti biyu, ku yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangaru." Da na ji wani yana bayani a waya cewa kiɗan buluz na baƙaƙen Amurka, mai sanyin nan mai sa mutum tagumi, ɗan'uwan molonmu ne, ai sai abin ya ƙara hawa min kai. Na dinga yaɗa maganar kamar ni na gano ta.

Faisal ɗan ƙanwata ne, Hausarsa irin ta yaran nan ce, kalma biyu Hausa, uku Larabci. Wata rana da na ishe shi, sai ya kira ni da kawun nan nasa na Larabci, ya ce, "Ya Khali, wallahi ba raini ba ne. Kiɗan ne ya cika tsawo, kuma duk baƙin ciki. Kafin mai waƙar ya gama gyara tsirkiya, ni na kai Jidda. Rabin maganar ma ba na fahimta."

Na ce, "Haka ka ce? To a walimar aurenka zan kawo maka molo na gaske. In abokanka ba su yi shiru sun saurara ba, ka canza min suna."

A duk unguwanninmu mutum ɗaya ya rage mai kaɗa molo, Baba Idi. Tsohon tela ne a Ka'akiyya, ido ya raba shi da keken ɗinki, molon kuma ya naɗe shi a zani ya ɗora kan kabad shekara da shekaru. Sau uku ina zuwa gidansa yana ƙi. A zuwa na ukun ne ya gaya min dalili.

"Ɗan nan, ba ƙyuya ba ce. Waƙar hanya ba ta mutum ɗaya ba ce. Ni in bayar, wani ya amsa. In babu mai amshi, na zama tsohon da yake surutu shi kaɗai a gaban yara. Na girmi a yi min dariya."

Na bugi ƙirji har sai da na yi tari. "Baba, ni ne amshinka! Waƙar nan kullum da ita nake zuwa shago. Ba mai yi maka dariya ina raye."

Ya dube ni ya ce, "Ka san ta duka?"

Na ce, "Kamar tafin hannuna."

To, a nan ne ya kamata in faɗa muku abin da ban faɗa wa Baba Idi ba. Gaskiya ne ina da waƙar a waya, wani ne ya kwafo ta daga tsohon kaset ɗin Baba Idin ya turo mana. Gaskiya ne kuma kullum nakan kunna ta a mota. Sai dai waƙar ta haura minti arba'in, tsakanin gidana da shago kuwa bai kai minti goma ba, kuma kullum daga farko take farawa. Cikin goman nan ma (Allah na tuba), da na wuce danja ta biyu sai in ji hannuna ya koma tashar labarin ƙwallo. Abin da na sani shi ne farkonta, inda mahajjatan zamanin da can suke sallama da gida za su kama hanyar Makka a ƙafa, ana amsawa da murna: "Sai mun dawo, sai mun dawo!" Na ɗauka haka ake yi har ƙarshe. Me zai hana? Waƙoƙin yanzu ai amshi ɗaya ne da su.

Ranar walima aka taru bayan sallar Juma'a a wata istiraha, irin gidajen nan da ake haya don taro. Maza a babban falo, mata a ɗaya gefen, labule mai kauri a ƙofar tsakani. Kuskurena na farko, na sa kiɗan bayan an ci mandi. Mutum ya cika ciki da shinkafa da naman rago, na'urar sanyi tana hura shi, sannan ka ce ya saurari tarihi!

Na karɓi lasifika na yi jawabi. Kai, na yi jawabi! Na yi maganar asali, na yi maganar Amurka, na ce yau za a bambance masu kunne da masu kunnen roba. Sannan na zauna a kan darduma kusa da Baba Idi, na gyara hula, aka ajiye min tawa makirfon a gaban baki.

Baba Idi ya shafe kusan minti biyar yana murɗa tsirkiya yana kasa kunne. Na hango Faisal ya kalli agogo ya kalle ni, na yi kamar ban gani ba. Da aka fara kuwa, alhamdu lillahi, abin ya tafi daidai. Muryar tsohon ta dishe amma tana da daɗi, ya bayar, na cafe: "Sai mun dawo, sai mun dawo!" Dattawa suka gyara zama. Na ji kaina ya yi girma har hular ta matse ni.

Daga nan waƙar ta shiga inda ban taɓa zuwa ba. Kiɗan ya sauka, ya yi sanyi, ya ja jiki. Ana ta tafiya, an shiga ƙasar Cadi, jaki ya mutu, ruwa ya ƙare, an tsaya noma shekara guda. Ni kuwa idona ba ya kan Baba Idi, yana kan samari. Ɗaya ya ciro waya. Biyu suka tashi wai za su wanke hannu, ba su dawo ba. Wani ƙato a jikin bango har ya fara gyangyaɗi. Hankalina ya tashi. Na ce a raina, wallahi tsohon nan zai ja min asarar suna, in ban zuba wa abin nan yaji ba kowa tashi zai yi.

Sai na fara tafi. Da farko a hankali, daga baya na ƙara wuta. Na ja amshin da sauri, na haɗa da kaɗa kafaɗa. Samari suka ɗago. Wasu suka fara murmushi, suka juyo da wayoyinsu kaina. Na ce yauwa, dabara ta ci! Baba Idi ya harare ni sau ɗaya, na ɗauka jinjina ce. Wani dattijo ya ɗaga min hannu, na ɗauka cewa yake in ƙara. Na ƙara.

Abin da ban sani ba, waƙar hanya zango-zango ce, kowane zango da amshinsa. Kuma idan aka iso gonakin audugar Sudan, al'adar ita ce mawaƙin ya ambaci mamatan gidan da suka gayyace shi, waɗanda suka rasu a hanya ba su ga Ka'aba ba. Kowa yakan sunkuyar da kai. Ni a daidai lokacin na riga na tashi a kan gwiwoyina, babbar rigata tana lilo.

Baba Idi ya rage murya ya ce, "Rabi 'yar Mamman, mun bar ta a gindin bishiya, ɗiyarta na kuka."

Ni kuma na cika ƙirji da iska, na buga tafi uku, na kwarara a makirfon: "Sai mun dawo, sai mun dawooo!"

Samari suka fashe da dariya. Ba su san me aka ce ba, rawata kawai suke wa dariya. Amma dattawa ko motsi ba su yi ba. Sai a lokacin sunan ya iso kunnena. Rabi 'yar Mamman kakata ce. Ɗiyar da take kuka a gindin bishiyar kuwa Innata ce, wadda take zaune a bayan labulen nan tana jin komai ta lasifika.

Jama'a, na ji kunya. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni. Gumi ya karyo min duk da sanyin ɗakin, hannayena suka tsaya a sama ban san inda zan kai su ba.

Molon ya yi shiru. Baba Idi ya jawo zaninsa ya shimfiɗa a cinya, ya fara naɗe molon a hankali, dariyar samari ba ta gama mutuwa ba. Abin da ya roƙe ni kada ya faru ke nan, kuma ni na jawo masa da hannuna.

Sai wata murya ta fito daga bayan labule, siririya, tana karkarwa. Muryar Inna ce.

"Allah ji ƙan wanda bai iso ba."

Ta maimaita. A na uku wasu tsofaffin mata suka kama mata. Baba Idi ya tsaya da naɗin. Ya daɗe yana kallon labulen, sannan ya warware zanin ya ɗora yatsunsa a kan tsirkiya. Ya bayar, mata suka amsa, dattawan falo suka shiga. Wani bawan Allah ya miƙo hannu ya janye makirfon daga gabana, ban yi musu ba.

Ba zan yi muku ƙarya in ce samari sun tuba ba. Da yawansu sun sulale kafin a kai ga tsallaka teku. Faisal dai ya zauna har ƙarshe, ya ma matso ya raɗa min, "Ya Khali, wace ce Rabi?" Na gaya masa kaina a ƙasa. Can ya ce, "Kai ma yau ka fara jin wannan wurin, ko?" Na ce masa ya je ya gaisa da baƙinsa.

Da aka watse na bi Baba Idi har bakin mota ina ba shi haƙuri, ina neman in ɗora laifin a kan yaran da suka fita. Ya ɗaga min hannu.

"Bar yaran nan. Ba su bi hanyar ba, ba su san mutanen ba, sun ce ba sa so, sun tashi sun tafi. Ban ji haushinsu ba. Kai ne ka ce kana so."

Na rufe masa ƙofar mota kawai.

Inna kuwa ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Washegari ta aiko a kira ni, ta karɓe makullin motata ta zauna a kai, ta ce, "Kai wannan, kunna mana waƙar tun daga farko." Muka ji ta har ƙarshe, tana tsayar da ni tana gaya min wane ne wane, wa ya iso, wa bai iso ba. Na yi hawaye a wuri biyu. Na kuma yi gyangyaɗi a wuri ɗaya, ta tashe ni da maficinta.

Har gobe ina cewa kiɗan molo yana da daɗi, kuma har gobe yana da tsawo. Abin da na koya shi ne, kafin in sake zagin wani da rashin kunne, zan fara tabbatarwa ni na ji abin har ƙarshe. Amshi kuwa na bar wa masu shi. In kun gan ni a wurin kiɗa yanzu, ina can layin baya, hannayena biyu a cikin aljihu.