Ranar da Guguwar Hamana Ya Sauka Ruwa

In ana maganar gudu a kan ruwa a Tafkin Hamana, daga Shugaba Agata Shigenobu an rufe ƙofa. Mai shakka ya je ya tambaye shi, zai tabbatar masa da bakinsa. Shi ne mai gidan gasa kifin unagi mafi girma a bakin tafki, shi ne shugaban Ƙungiyar Masoya Tsofaffin Jiragen Tsere tun ranar da aka kafa ta, shi ne kuma zakaran tseren 1979 da jirginsa mai suna Balbela. Ana yi masa kirari da Guguwar Hamana. Shi ya raɗa wa kansa sunan, don ya hutar da jama'a.

Balbela ta fi shekara arba'in rabonta da ruwa, amma gudunta bai daina ƙaruwa ba. Jaridar wancan lokacin ta ce kilomita tamanin a awa. Da Shugaba ya cika shekara sittin, gudun ya kai ɗari da goma. Bara, bayan kwalba ta biyu ta giyar shinkafa, ya haura ɗari da sittin, har kifaye suka riƙa faɗowa a kan rufin gidajen mutane. 'Yan ƙungiyar, dattawa goma sha ɗaya, ba wanda ya musa. Kowannensu yana da nasa jirgin da ya ƙara sauri tun da ya ruɓe, kuma ba a tona wa juna asiri a gaban abinci.

Ita Balbela tana girke a tsakiyar gidan abincin, jan katakonta na walƙiya, na'urar sanyaya ɗaki na hura ta, wata na'urar na zuƙe danshi. Kullum ana goge ta sau biyu. Ma'aikacin da ya gifta kusa da ita da kofin ruwa, ya nemi wani aikin.

Ana nan sai hukumar gari ta yanke shawarar raɗa wa sabuwar gadar da jirage ke tsayawa sunan zakaran 1979. Har an sassaƙa allon tagulla. Da Shugaba ya yi godiya ya koma ya zauna, da shi ke nan. Sai ya sanar cewa ranar buɗe gada zai saukar da Balbela ruwa, ya maimaita tarihi a gaban magajin gari da 'yan talabijin.

Labarin ya hana Hakamata cin abinci. Shi ne kafintan da ya ƙera jirgin, yanzu shekarunsa tamanin da biyu. Ya san katakon da ya daɗe a bushe tsukewa yake yi, sai an jiƙa shi mako biyu ya kumbura, gaɓoɓin su haɗe. Ranar da ya leƙa ƙarƙashin Balbela, hasken fitilar kicin ya hango ta tsakanin katakan.

To amma a nan ƙarami ba ya ce wa shugaba a'a gatsau. Hakamata ya sayi kwalin alewa, ya je ya rusuna, ya yi hirar damina da ta ciwon baya. Sai da shayi ya huce sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, katako fa shi ma yana jin ƙishirwa."

A wajen duk mai kunne, wannan ihu ne. Shugaba ya yi murmushin manya.

"Hakamata, kai ka san katako, ni na san gudu. Jirgin da ke tashi sama, ina ruwansa da ruwa? Ƙasan Balbela ba ya taɓa tafki sai don gaisuwa."

Hakamata ya sake rusunawa ya fita, ransa a ɓace, don sunansa ne a rubuce a gindin jirgin.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shugaba ya fito cikin farin kwat da farar safar hannu da hular kyaftin mai zaren zinariya. Malamin ɗakin bauta ya kaɗa sandarsa mai fararen takardu, ya yi addu'a, aka zuba giyar shinkafa a goshin jirgi. Katakon ya shanye ta tas kafin a mayar da murfin kwalba. Hakamata kaɗai ya lura, ya runtse ido.

Aka saukar da Balbela. Shugaba ya shiga ya tsaya, aka miƙa masa lasifika, ya zaro jawabi mai shafi goma sha huɗu. Kowa kuwa ya sani, in shugaba na jawabi ba a tari, balle katse shi.

"Jama'a, gudu ba a inji yake ba. A zuciyar namiji yake."

A shafi na uku ruwa ya rufe takalmansa. A na shida ya kai gwiwa, matashin kujera ya taso ya kama hanyar tsakiyar tafki. Dattawan ƙungiya suka ƙara sunkuyar da kai, wai ladabi, alhali gudun haɗa ido suke yi. Magajin gari ya ƙura wa wani gajimare ido. Mai kyamara dai bai san kunya ba, ya matso.

"Ni da ruwan nan mun san juna," in ji Shugaba, ruwan na shiga aljihunsa. "Yana jin sunana ya ba da hanya."

Ruwa ba sa'an kwando ba ne. A shafi na goma sha ɗaya Balbela ta zauna daram a kan laka, da yake bakin gadar ba zurfi. Shugaba ya ɗaga sauran takardun sama da kai ya karance su har aya ta ƙarshe, ruwa iya ƙirji. Ya rufe da cewa yanzu zai tayar da inji. Aka yi tafi, don haka aka saba.

A nan ne matarsa Fumie, wadda ta shekara arba'in tana fifita gawayi a bayan gidan abinci, ta ratso jama'a da tawul. Ta durƙusa a bakin gada ta miƙa masa mariƙin lema. Lasifikar tana kunne.

"Maigida, fito haka nan kar mura ta kama ka. Wancan karon na karɓi tuƙin kana kwance a ƙasan jirgi kana amai, amma yau gwiwata ba za ta iya ba."

Magajin gari ya sauko da idonsa daga gajimare ya dubi Hakamata, ya tambaye shi a hankali ko haka ne. Tsohon ya ce shi dai kafinta ne, bai san komai a kan tsere ba, kuma a cikin hular kwano da tabarau kowa kama yake da kowa. Abin da kawai yake tunawa, ranar ya matso da kujerar direba gaba da taƙi guda, ya ɗora mata matashi biyu.

Aka ɗage bikin, sai bayan mako uku aka buɗe gadar ba tare da jawabi ba. Mai sassaƙa bai sha wahala ba, tunda sunan gidan ɗaya ne. Rabin allon kawai ya kankare, ya sa Fumie a gurbin Shigenobu.