Dattijuwa Ta Tafi da Muryar Inna

Da zuciya mai nauyi, cike fal da baƙin ciki, mai shagon buga takardu na ƙarƙashin bene yana sanar da 'yan'uwa da abokan ciniki rasuwar kwamfutarsa, wadda aka fi sani da Dattijuwa. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana da shekara goma sha tara, a ƙarƙashin teburinsa.

Marigayiyar ta zo hannunsa ne daga wani ofis da ya yanke mata ƙauna, wai sabbin manhajoji sun fi ƙarfinta. Ya busa mata ƙura, ya sa mata Linux, manhajar nan ta kyauta da kowa ke iya leƙa cikinta, sai ga ta ta miƙe garau. Tun daga ranar babu wanda ya shigo buga takardar neman aiki ya fita bai sha wa'azin Linux ba. Matarsa ta ce da zai yabi girkinta rabin haka, da ta gode Allah.

An shaide ta da haƙuri da biyayya. Kullum da safe fankarta kan yi wuuu, sannan ta ce tit, sau ɗaya tak. In aka buɗe mata shafi fiye da uku takan yi dogon tunani, shi kuma ya jira, don shi ma gwiwoyinsa haka suke.

Ciwon ajalinta ya fara ne da ƙas-ƙas a faifan ajiyarta. A cikin faifan nan akwai muryar Inna, mahaifiyarsa, awa goma sha ɗaya, da aka naɗa a shekararta ta ƙarshe: sunayen kakanni, faɗa, dariya, tari. Yayarsa ce ta damƙa masa, ta ce shi ne masanin gidan. Babu kwafi a ko'ina.

Ya sayo sabon faifai don ya kwashe komai. Ya buɗe baƙar tagar nan da ake rubuta umarni, ya rubuta da ka, don malami ba ya duba littafi. Umarnin gurbi biyu gare shi, inda za a kwaso da inda za a zuba. Ya juya su. Dattijuwa ba ta taɓa yi masa musu ba. Minti arba'in tana shimfiɗa faifan da babu komai a kan muryar Inna, shi yana kurɓar shayi yana jinjina wa kansa. Da ya sake kunna ta, ta yi ƙas sau biyu, ta yi shiru.

Mai gyara ya duba, ya rufe. "Ba laifinta ba ne, Malam. Abin da ka ce shi ta yi."

Ta rasu ta bar allo mai koren layi a tsakiya, da madannai marasa harafi biyu, da firintar da ba su taɓa jituwa ba, da maigidanta, wanda sau huɗu yana ganin kiran Yaya yana kifa wayar.

Za a kai gawar wurin mai sayen tsoffin ƙarafa na ƙarshen layi ranar Asabar, ƙarfe goma na safe. Tsohon faifan zai zauna a aljihun tebur, ya kasa bayarwa. Ana karɓar gaisuwa a shago. Duk ɗan'uwan da ke da muryar Inna a wayarsa, ko da sallama ce kawai, don Allah ya taho da ita.