Kwalliyar Gidan Rumbun Tarihi

Allah Ya yi wa unguwarmu baiwa biyu: tsofaffin gidaje da wani mutum da muke kira Rumbun Tarihi. Gidajen sun haura shekara ɗari. Shi kuwa shekararsa tara da zuwa, amma in ka ji yana bayani sai ka rantse shi ya haƙa harsashinsu. Shi ya kafa Kwamitin Kare Martabar Unguwa, ya zaɓi kansa shugaba ba hamayya, ya kuma taya kansa murna.

Gidan da yake ciki na kakan matarsa ne, kuma duk layin babu wanda ya kai shi tsufa. Ga ƙofar katako mai sassaƙa, ga tagogi masu marfi, ga baranda da tantabaru suka gada kaka da kakanni. Maƙwabtansa kuwa, in ji shi, tarkace ne: mai gyaran agogo da ya zo daga wata ƙasa mai nisa, da nas mai ritaya, da tela mai 'yan haya huɗu, kowa da yarensa. Sun yi shekaru suna aron gishiri a tsakaninsu ba tare da izinin kwamiti ba.

Kwatsam sai ga sanarwa, za a faɗaɗa titi. Gidan da masana suka tabbatar na tarihi ne za a bar shi, sauran kuma sai katafila. Nan da wata guda masanan za su zo.

Rumbun Tarihi ya kira taron gaggawa, ya hau kan benci.

"Jama'a, manyan baƙi na tafe! Kada su same mu cikin tsumma. Ku dubi bangon nas, duk ya tsattsage! Tarihi fa ba ƙazanta ba ne. Wanda bai san yadda ake yi ba, ya zuba ido a kaina."

Suka zuba masa idon, kowa ya koma sana'arsa.

Washegari magina suka cika gidansa. Aka rushe baranda, aka kafa ginshiƙai biyu na siminti. Aka sa tagogin gilashi. Bango ya sha tayil fari fat, har sai ka kare ido. Da aka zo kan ƙofa matarsa ta tare.

"Baban yara, kakana ne ya sassaƙa ta da hannunsa. Ka bar mini ko ita kaɗai."

"Ke me kika sani game da tarihi? Ki bar wa masu abin."

Aka ɓalle ta, aka kafa ta ƙarfe mai ruwan zinare. Ranar ta yi kuka, kuma wallahi ta ba ni tausayi. Shi kam gwano ba ya jin warin jikinsa.

Ranar zuwan masana ya tsaya bakin ƙofa da jawabi shafi goma sha ɗaya. Shugabarsu, wata mata mai tabarau, ta shafe awa guda a gidan nas tana shafa tsagaggen bangon nan kamar ta ga ɗan'uwa. Ta ɗauki hoton matakalar mai agogo. Ta ɗauki na rufin tela. Sannan ta iso wurinsa, ta ɗaga kai.

"Masha Allah. Wannan sabon gini ne?"

Rumbun Tarihi ya kumbura.

"Sati uku kacal, ranki ya daɗe! Ki shiga ki duba, ko tsinke ba za ki samu tsoho ba. Ni da kaina na tsaya a kai."

Ta rubuta maganarsa kalma bayan kalma, ta yi masa godiya. Wani mutum da ke bayanta ya tsoma buroshi a jan fenti, ya zana alama a kan farin tayil. Garin neman gira an rasa ido.

Aka karkata zanen titin don ya kauce wa gidajen tarkace, bai sami wurin bi ba sai ta tsakiyar falon shugaba. Matarsa dai, tun a ranar, nas ta ba ta ɗaki. Shi kuwa da ya biyo ta da akwatinsa, aka ce masa ɗakin na mutum ɗaya ne.