Sai Ka Ɗanɗana Tukuna

"Lafiya lau, Amarya. Ashe har yau kina nan? Na ɗauka zan tarar an fara rabon kayan ɗaki."

"In tafi in bar wa wa kai, Maigida? Wace ce za ta yarda ta kwashi wannan tumbin?"

Jikana ne, ɗan babban ɗana, direban tasi. Tun yana koyon magana nake ce masa Maigida yana ce mini Amarya. Ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, da kwano mai murfi a hannu, waya tana ta kuka a aljihunsa. Motar ma bai kashe ba, ina jin rurinta ta taga.

Ni kuwa tun hantsi na kasa zama. Na share ɗaki, na sake sharewa, na leƙa titi har wuyana ya ƙage. Shekaranjiya matarsa ta zo mini da hawaye. An auna shi a asibiti, an ce jininsa ya hau, ya rage maiƙo da gishiri, ya riƙa cin ɗanyen ganye. Duk abin da ta haɗa masa, masu wankin mota ke cinyewa. Ubansa bai wuce shekarunsa na yanzu da yawa ba ranar da ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa, bai sake tashi ba. Sai na ce mata, je ki gaya masa ni likita ya ɗora wa ganyen, kuma na ce ba zan ci ba sai daga hannun mijina.

"Ungo maganinki. Ki cinye tas, ina da fasinja."

"Fasinjan ya tsufa a kan titi. Shigo ka zauna."

"Ban kashe mota ba."

"Wa zai saci wannan akwalar? Ɓarawon da ya ɗauka, da kansa zai turo maka ita ya ba ka haƙuri."

"Yau kuma me ya faru aka rufe baki da mayafi? Kunyata kike ji?"

"Warin man mota nake gudu. Buɗe in gani."

Ya buɗe. Latas ne da kabeji da karas, ga kokwamba, ga tumatir an yanka shi fale-fale.

"Wannan fa? Wuta ce ta mutu a gidanku, ko tukunya aka sace?"

"Ba a dafa shi, Amarya. Ɗanye ake ci."

"Ɗanye! Ka gan ni da kama da zomo?"

"Ina fa. Shi zomo yana da kunne, yana jin magana."

"Ni da nake haɗiyar ɗanyen aikinka tun kana tsumma, ban ga ya ƙara mini kwana ba."

"Ba wasa nake ba. Masu bincike sun ce waɗanda suka saba cin ɗanyen ganye sukan fi daɗewa a duniya. Yana rage haɗarin mutuwa."

"Rage mutuwa? Yadda kake yi wa fasinja ragi? Wato in na ci, sai a ɗauki rabina a bar maka rabi?"

"A bar mini ƙafafun. Su ba sa magana."

"Akuyar maƙwabta ba ta taɓa sa dafaffe a bakinta ba. Ina take yau?"

"Ita ai yanka ta aka yi."

"To ka gani. Su masu binciken naka sun duba ko masu cin ganyen nan dama can su ne masu zama su tauna abinci a natse? Ba irinka ba, mai haɗiyar nama a bakin danja, ido a kan fitila?"

"Ki je ki tambaye su. Ci, in tafi!"

Aka danna hon a ƙasa. Ya zabura ya leƙa taga ya ce yana zuwa. Na ga zai dire kwanon ya fice. Na yi maza na tura masa cokali.

"Ɗanɗana tukuna."

"Don me?"

"Na san ka. Tun yaushe kake harin rediyona da bargona? Wa ya san abin da ka barbaɗa a ciki?"

"Rediyon da sai an mare shi yake magana?"

"Mai kwaɗayin gado ba ya raina kaya. Ɗanɗana."

Ya ɗauki tumatir ya jefa a baki yana yamutsa fuska.

"Shi ke nan?"

"Ja ka ɗauka don ka san ba nan ka sa ba. Ci koren."

"Amarya, mutane na jirana!"

"Ni ma mala'ika na jirana, ban yi gaggawa ba. Koren na ce."

Ya cika cokali da latas. Yana tauna yana duba waya, yana kai gwauro tsakanin ƙofa da taga kamar wanda fitsari ya matsa. Ni kuma ina ta naɗe gefen mayafina a yatsa ina warwarewa.

"Ga shi ban mutu ba."

"A wannan jikin? Kafin guba ta ratsa kitsen nan ta sami zuciya ai sai ta nemi ɗan jagora. Ƙara."

"Da ina son kashe ki, da ɗaukar ki zan yi a mota kawai."

"Shi ya sa nake hawa ta wasu. Tona ƙasa, mai mugunta a ƙasa yake binne abinsa."

Ya tona. Kabeji ya tafi, kokwamba ya bi baya. Aka sake danna hon, wannan karon bai ko waiwaya ba.

"Kai, amma karas ɗin nan da zaƙi."

"Zaƙin ne alamar. Cinye shi kaf, kada ka bar mini ko ɗaya."

Na kau da kai don kada ya ga idona. Sai da na ji cokali yana ƙwarzar gindin kwano sannan na saki numfashi. Shi ma ƙarar ce ta farkar da shi. Ya dubi kwanon, saura yanki biyu na kokwamba. Ya matsa taga zai ajiye, sai ya tsaya cak. Kofina na nan a kan dakalin tagar, inda na manta shi.

"Amarya."

"Na'am, Maigida."

"Haƙoran wa ye a kofin nan?"

"Na baƙuwa ne."

"Tun da na shigo suna ciki?"

"Hutu suke yi. Su ma an ce a rage musu aiki."

"Shi ya sa aka rufe baki da mayafi! To da me za ki tauna karas ɗin? Da dasashi?"

Na ƙara jan mayafin a kan bakina.

"Wane likita ne ma ya gan ki?"

"Wanda ya gan ka."

Wayar ta yi ta kuka, bai taɓa ta ba. Na sauke mayafin, tunda ba sauran abin ɓoyewa.

"Na zauna a kan tabarmar nan an yi mini gaisuwar ubanka. Ba zan sake zama a yi mini taka ba. Ni ce a gaba, ka bi layi."

Ya daɗe yana kallon kwanon. Sannan ya kwashe yankin biyun ya watsa a baki, ya fita. Na ji takunsa a matakala, na ce shi ke nan, na ɓata. Sai na ji rurin motar ya ɗauke. Can sai ga shi ya dawo yana haki yana dariya, da ƙunshin takarda duk maiƙo ya huda ta, da kwalbar lemo mai sanyi.

"Na sallama. Tsohuwa ba haƙori ta cinye ni ɗanye. Ungo, abincin ranata ne, a ƙarƙashin kujera nake ɓoye shi."

Na buɗe. Soyayyen nama ne, da sauran ɗuminsa. Na miƙa hannu na ɗauko kofin, na kakkaɓe haƙorana na maƙala.

"Au! Yanzu hutun ya ƙare? Ke ba kya son tsawon rai?"

"Ni na riga na yi nawa, har ya ishi mutane. Gobe ka zo da wuri, ka kashe motar tun a ƙasa. Kuma ka ce mata ta ƙara karas, mijina yana so."